Tara wa ɗan takara kuɗi ta waya: yadda tsarin ke aiki da wuraren da yake yoyo

Ana saura 'yan watanni a yi zaɓukan fid da gwani na 2022, wasu samari a unguwarmu ta Kakuri suka buɗe zauren WhatsApp don goyon bayan wani mai neman tikitin takarar shugaban ƙasa. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba shi ne abin da ya kawo mu ba. Aka ce kowa ya riƙa tura abin da ya sawwaƙa, aka liƙa lambar asusun ma'aji a saman zauren, wanda ya tura sai ya ɗauki hoton alat ya jefa. Da yake an san ina taɓa rubuta manhaja, sai aka ce ni zan riƙa tattara lissafi. Sati uku aka yi lafiya. A na huɗu, abin da ke cikin hotuna da abin da ke cikin asusu suka ƙi haɗuwa. Wasu hotunan an turo su sau biyu, ɗaya na bogi ne ƙarara, wasu kuɗin kuma sun koma wa masu su saboda asusun ma'ajin ƙaramin mataki ne, irin wanda ba ya riƙe fiye da naira 300,000. Ga shi kuma cikin asusun nan ne kuɗin sana'arsa ke shiga. Har yau ban yarda cewa ya ci ko kwabo ba, amma ba shi da hanyar da zai nuna hakan, kuma akwai mutum biyu da har yanzu ba sa gaisawa da shi.

Tun daga lokacin nake bibiyar yadda ake gina irin wannan tsari. Abin da na fahimta shi ne karɓar kuɗi ya zama abu mafi sauƙi a Najeriyar yau: ga USSD, ga OPay da Moniepoint da PalmPay, ga mai POS a kowace kwana daga Kasuwar Kakuri har Sabon Tasha. Inda gizo ke saƙar shi ne littafin lissafin da kowa zai iya dubawa, da kuma sanin abin da kuɗin zai iya yi da wanda ba zai iya ba a zaɓen fid da gwani.

An taɓa gwadawa

A watan Oktoban 2014, Muhammadu Buhari ya sayi fom ɗin APC kan naira miliyan 27.5, ya kuma faɗa da bakinsa cewa rancen banki ya ci. Magoya bayansa suka shiga tara masa kuɗi ta asusun banki da kuma kati irin na waya wanda ake kankarewa, mafi ƙanƙanta na naira 100. A zaɓen da aka yi a filin wasa na Teslim Balogun da ke Legas ranakun 10 da 11 ga Disamba ya samu ƙuri'a 3,430, Rabi'u Musa Kwankwaso 974, Atiku Abubakar 954. Kafin ƙarshen watan ya fito ya sanar cewa an tara masa sama da naira miliyan 54.

Wannan kati dabara ce mai kyau a zamaninta, don a 2014 mai shayi da mai faci ba su da manhajar banki a waya, amma kowa ya iya kankare kati. Kowane kati na da lambarsa, saboda haka ana iya sanin nawa aka buga, nawa aka sayar. Rauninsa shi ne tsabar kuɗin tana bi ta hannun dillalai kafin ta isa, kuma buga katin jabu ba wuya.

Darasi na biyu ya zo a Janairun 2015, bayan an wuce fid da gwani. APC ta buɗe gajeriyar lamba, 35350, wadda idan ka tura mata saƙo za a cire naira 100 daga kuɗin wayarka. Ba a jima ba hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe ta. Jam'iyyar ta je kotu, babbar kotun tarayya a Legas ta ba ta gaskiya a watan Maris har da diyyar naira miliyan 500, amma lokacin zaɓe ya riga ya ƙarato. Irin haka ta sake faruwa a 2020 lokacin zanga-zangar EndSARS: ƙungiyar Feminist Coalition ta tara kusan naira miliyan 148, amma a tsakiyar tafiya hanyar biyan kuɗinta ta daina aiki, sai ta koma karɓar bitcoin. Abin da ya riƙe amincewar mutane da ita shi ne kullum tana wallafa abin da ya shigo da abin da ya fita. A matsayinka na mai gina tsari, ka ɗauka cewa duk ƙofar da ka dogara da ita akwai mai mabuɗinta, kuma ba kai ba ne.

Akwai kuma wani salo da ake kira tara kuɗin talakawa wanda ni ban gamsu da shi ba. A 2018 wata ƙungiya mai suna Nigeria Consolidation Ambassadors Network ta saya wa Buhari fom na naira miliyan 45. A 2022, da fom ɗin APC ya kai miliyan 100, na PDP miliyan 40, sai ƙungiyoyi suka yi ta ɓullowa suna cewa sun yi karo-karo sun saya wa wane. Har Goodluck Jonathan aka saya wa, shi kuma ya ce ba da saninsa ba. Mu yi lissafi mai sauƙi. Idan kowa ya ba da naira 1,000, sai an samu mutum 100,000 kafin a haɗa miliyan 100. Mutum 100,000 kuwa suna barin sawu: layi 100,000 a bayanan banki, kowanne da lokacinsa da lambarsa. Karo-karon gaske ba ya ɓuya. Duk ƙungiyar da ta ce talakawa ne suka tara, tambayar ita ce ina layukan?

Yadda Amurkawa suka mai da shi na'ura

A Amurka aka fi gwanancewa da wannan. Howard Dean, mai neman tikitin Democrat na 2004, shi ya fara nuna cewa intanet na iya haɗa ƙananan gudummawa su zama babban kuɗi, magoya bayansa kuma suna shirya taruka ta shafin Meetup. A shekarar 2004 aka kafa ActBlue, dandalin da ke karɓar gudummawa wa 'yan takarar Democrat yana cire kashi 3.95 cikin ɗari. Ranar 5 ga Nuwamban 2007 magoya bayan Ron Paul na Republican, ba ofishin kamfen ɗinsa ba, suka tsayar da rana guda kowa ya tura, aka tara sama da dala miliyan 4 cikin awa 24, jama'a na kallon adadin yana hawa a shafinsa. Bernie Sanders a 2016 ya yi ta alfahari da cewa matsakaicin abin da ake ba shi dala 27 ne.

Abu biyu nake so mai karatu ya lura da su. Na farko, a can doka ta tilasta wa kamfen bayyana wa hukumar zaɓe sunan duk wanda gudummawarsa ta wuce dala 200, kuma kowa na iya shiga shafin hukumar ya bincika. Na biyu, duka mutum ukun nan, Dean da Paul da Sanders, ba wanda ya samu tikitin. Kuma wannan a ƙasar da mai ba da dala 27 ɗin shi ne zai je da ƙafarsa ya kaɗa ƙuri'ar fid da gwani a jiharsa.

A nan ba haka abin ya kasance a 2022 ba. APC ta yi amfani da daliget uku daga kowace ƙaramar hukuma, wato 2,322 daga ƙananan hukumomi 774. Jihar Kaduna mai ƙananan hukumomi 23 ta tashi da 69. Kaduna ta Kudu kaf, da Kakuri da Makera da Barnawa da Television da Tudun Wada, mutum uku ne suka yi magana da yawunta a dandalin Eagle Square, inda Bola Tinubu ya samu 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235. A PDP ma daliget ɗaya ne daga kowace ƙaramar hukuma, Atiku ya samu 371, Nyesom Wike 237. Mu 'yan Kaduna mun ga misali a gida: Sanata Shehu Sani ya shelanta cewa ba zai ba daliget ko sisi ba a zaɓen fid da gwanin gwamna na PDP, ya tashi da ƙuri'a biyu. To idan zaurenku na da mutum 800 masu tura ɗari biyar-biyar, ku sani cewa a tsarin daliget irin na 2022 babu ko ɗaya cikinku da ke da ƙuri'a a wannan matakin, sai in yana cikin mutum ukun nan. Wannan ba dalilin fasa tarawa ba ne, dalili ne na sanin inda za a kashe kuɗin, zan dawo kansa.

Yadda zan gina shi yau

Ba sai an rubuta manhajar da za a sauke daga Play Store ba. Wayoyin mutanenmu a cike suke, data na da tsada, kuma ba wanda zai sauke manhaja don ya ba da naira 500. Shafi guda mara nauyi ya isa.

Kuɗi kada ya taɓa shiga asusun da wani ke harkarsa ta yau da kullum da shi. A buɗe asusu na daban mai buƙatar sa hannun mutum biyu kafin a fitar da kuɗi, kuma su biyun kada su zama 'yan gida ɗaya. A wannan ɓangaren na kogi, inda zaure guda kan haɗa mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, ni zan ba da shawarar a ɗauko ɗaya daga nan ɗaya daga can. Yana kashe rabin zargi tun kafin ya taso.

Sai a haɗa asusun da kamfanin karɓar kuɗi irin su Paystack, Flutterwave ko Monnify. Kafin ka rubuta layi ɗaya, karanta ƙa'idojinsu ka kuma gaya musu gaskiyar abin da za a yi da kuɗin, don harkar siyasa ba kamar sayar da takalma ba ce, za su iya neman ƙarin takardu ko su ƙi. Amfanin waɗannan kamfanoni shi ne suna iya ƙirƙira wa kowane mai bayarwa lambar asusu tasa ta kansa. Shi a wajensa tiransifa ce kawai kamar kullum, ko ta USSD ko ta wajen mai POS, amma tsarinka ya san daga wa ta fito ba tare da hoton alat ba.

Da kuɗin ya shiga, kwamfutar kamfanin za ta aiko wa sabarka saƙon sanarwa, wanda mu masu rubuta manhaja muke kira webhuk. A nan sababbin shiga ke faɗawa rami. Adireshin da ke karɓar wannan saƙo a buɗe yake a intanet, duk wanda ya gano shi zai iya aiko da saƙon ƙarya cewa an biya miliyan ɗaya. Shi ya sa kamfanin ke sa wa kowane saƙo hatimi. Paystack, misali, yana lissafa hatimin da HMAC SHA512 ta amfani da mabuɗinka na sirri. Kai ma sai ka sake lissafawa a ɓangarenka, in bai yi daidai ba ka watsar. Rami na biyu: idan sabarka ta yi jinkirin amsawa, kamfanin zai sake aiko da saƙon, wani lokaci sau da yawa. In ba ka sa lambar shaidar ciniki ta zama wadda ba ta maimaituwa a rumbun bayananka ba, naira 2,000 ɗaya za ta zama 6,000 a littafi, kuma ranar da aka zo haɗa lissafi ma'aji ne zai sha zagi. Sannan ka ajiye kuɗi a matsayin kwabo, cikakkiyar lamba, kada ka yi amfani da lamba mai ɗigo, don kwamfuta na yin ƙananan kurakurai wajen tara irin waɗannan.

A sa kuɗin caji cikin lissafi tun farko. Akwai kason kamfanin, akwai naira 50 ta gwamnati kan tiransifar da ta kai 10,000, akwai naira 6.98 ta USSD, ga kuma ladan mai POS. A littafi a nuna abin da mutum ya tura da abin da ya iso, kowanne a gurbinsa.

Tsabar kuɗi ba za ta ɓace ba. Dattijon da ya yi aiki a masaƙar KTL kafin ta rufe a 2002 ya saba da kuɗin ƙungiya da rasit, hannu da hannu zai ba ka. A buga rasit mai lamba a jere, mai karɓa ya shigar da kuɗin ta POS a ranar, ya rubuta lambar rasit ɗin a tsarin. Rasit ɗin da ya ɓace daga jeri tambaya ce da dole wani ya amsa.

Yanzu ga littafin. Shi ne zuciyar aikin, kuma Google Sheets da aka buɗe don karatu kawai ya wadatar. Amma kada a wallafa suna ko lambar waya. Ma'aikacin gwamnati da ya ba ɗan adawa naira 5,000 na iya samun matsala a ofis, wanda ya ba da 500,000 kuma ka san irin idon da zai jawo wa kansa a garin da ake fama da masu garkuwa. Abin da za a wallafa shi ne lambar rasit, adadi, lokaci da mazaɓa. Kowane mai bayarwa a tura masa tasa lambar ta saƙon tes, ya shiga ya nemi layinsa. Idan mutane ɗari suna duba layukansu, ba wanda zai iya share layi ɗaya ba a gane ba, kuma jimillar da ke ƙasa dole ta yi daidai da bayanan banki da za a ɗora duk sati. Ɓangaren kashewa kuma da hoton rasit: fosta nawa, hayar mota nawa, ruwan leda nawa.

Doka ma a shigar da ita cikin tsarin. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ce mutum ɗaya kada ya ba ɗan takara fiye da naira miliyan 50, ɗan takarar shugaban ƙasa kuma kada ya kashe fiye da biliyan 5. Majalisa kan taɓa waɗannan adadi duk lokacin da ta yi wa dokar gyara, don haka ka sa su a wurin saiti, kada ka binne su cikin lambobin manhaja. Sashe na 225 na tsarin mulki kuma ya hana jam'iyya riƙe kuɗin da aka turo daga ƙasar waje, dole ta miƙa wa INEC cikin kwana 21. A 2022 lauyoyi sun yi ta jayayya kan ko wannan ya shafi ɗan takara da magoya bayansa, musamman da batun 'yan Najeriya mazauna waje masu son tallafa wa Peter Obi ya taso. Ƙaramin zaure a Barnawa ba shi da kuɗin lauya, ni zan kashe karɓar katin waje kawai.

Masu aikin sa kai

Ina nufin masu ba da lokacinsu kyauta, ba 'yan sa-kai masu gora da bindigar toka ba. A ganina rajistarsu ta fi asusun daraja, dalili kuwa shi ne abin da na faɗa ɗazu game da daliget. Daliget ba daga sama suke faɗowa ba, daga tarukan jam'iyya na mazaɓa da ƙaramar hukuma suke fitowa, kuma mai katin jam'iyya ne kaɗai ke da baki a wurin. In kuma jam'iyya ta zaɓi 'yar tinƙe, kamar yadda APC ta yi a 2018, to duk mai kati yana da ƙuri'a. Dokar 2022 ta ce jam'iyya ta miƙa wa INEC rajistar 'ya'yanta aƙalla kwana 30 kafin zaɓen fid da gwani. Ma'ana, ranar da ta fi muhimmanci ga magoya baya ta riga ta wuce tun kafin a fara nuna babban taro a talabijin. Kuɗin motar da zai kai mutum hamsin su yi rajista a ofishin mazaɓa ya fi allon talla a kan Gadar Stadium amfani.

Don haka fom ɗin rajista ya tambayi mazaɓa, rumfar zaɓe, ko mutum na da katin jam'iyya, abin da ya iya, da ranakun da yake da sarari. Mazaɓa a sa ta a jerin zaɓi, kada a bari mutum ya rubuta da hannu. Na ga abin da hakan ke haifarwa: wani ya rubuta Kakuri, alhali akwai mazaɓar Kakuri Hausa da ta Kakuri Gwari, wani ya rubuta Kaduna ta Kudu don yana kudancin kogi, alhali Narayi da Sabon Tasha da Nasarawa a ƙaramar hukumar Chikun suke, Barnawa da ke maƙwabtaka da Narayi kuma a Kaduna ta Kudu. Jerin INEC a bayyane yake, mazaɓu 255 ne a jihar, a ɗauko shi yadda yake.

Google Forms na buƙatar sabis. Wanda ya tuna ƙarshen 2021, lokacin da aka katse layukan waya a wasu sassan jihar nan na kusan wata biyu, ya san ba a dogara da shi. KoboToolbox da ODK Collect suna cike fom ba tare da intanet ba, su tura daga baya idan an samu.

Abin da ba za a tambaya ba shi ne BVN, NIN ko lambar katin zaɓe. Ba ku da buƙatarsu, kuma duk lokacin siyasa 'yan damfara na yaɗa mahaɗin ƙarya cewa wane zai raba dubu ashirin-ashirin, cike nan. In fom ɗinku ya yi kama da nasu kun koya wa mutanenku mugun hali. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa ra'ayin siyasa cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, ga shi rajistarku gaba ɗayanta jerin ra'ayin siyasa ce. Shugaban mazaɓa ya ga mutanen mazaɓarsa kawai, a kunna tabbaci mai mataki biyu a kan duk asusun da ke riƙe da ita, kuma kada a jefa fayil ɗin cikin zaure.

Idan gwaninku ya janye fa?

Wannan ne ba mu taɓa tunaninsa ba a Kakuri. A daren zaɓen PDP na 28 ga Mayun 2022, Aminu Tambuwal ya hau mumbari ya janye wa Atiku. A na APC, mutum bakwai suka janye wa Tinubu, ciki har da Kayode Fayemi da Godswill Akpabio da Badaru Abubakar. Peter Obi kuwa ya bar PDP ana saura kwana uku, ya karɓi tikitin Labour a Asaba ranar 30 ga Mayu. Kowane ɗaya cikin waɗannan na da magoya bayan da suka wayi gari da fosta da sauran kuɗi a hannu.

Tun kafin naira ta farko ta shigo, a rubuta a saman shafin abin da za a yi da ragowar: za a bi ɗan takarar duk inda ya koma, za a ba wanda ya janye wa, ko za a mayar wa masu shi. In mayarwa ce, lissafin ba wuya: idan an tara 1,000,000 aka kashe 600,000, kowa zai samu kashi 40 cikin ɗari na abin da ya bayar, a tura ta asusun da kuɗin ya fito. Amma hakan na yiwuwa ne kawai in tsarin ya ajiye asusun kowane mai turawa tun ranar farko, masu tsabar kuɗi kuma suna riƙe da rasit ɗinsu. Mu da hotunan alat kawai muke da su, sai aka yi taro biyu ana musu, a ƙarshe aka sayi buhunan siminti da ragowar aka gyara kwalbatin bakin layi.